Yadda Na Bi Sawun Kalmar "Jira" a Tsofaffin Jaridun Amurka

Aikin da aka ɗora mini shi ne in fassara wasu gajerun labarai daga jaridun Amurka na ƙarni na 19 zuwa Hausa, domin ɗaliban tarihi su ji yadda aka ba da labari a daidai lokacin da abin ke faruwa. Ban yi nisa ba sai wata jimla ta fara tare mini hanya, yau a wannan jarida, gobe a waccan: "a committee waited upon", sannan sunan wani mutum. Duk wanda ya yi Turanci a makaranta ya san "wait" jira ne. To amma a waɗannan labarai kwamitin ba a zaune yake yana dako ba. Shi ne ya taso, ya ɗaura ɗamara, ya je har ƙofar gidan mutumin, ya yi magana, ya komo. Wanda aka ce an "jira" kuwa yana zaune a ɗakinsa, bai motsa ba. Na ga idan ban warware wannan ƙulli ba, duk fassarar za ta karkace, don haka na ajiye ta gefe na bi kalmar.

Na fara da ƙamus na zamanin. Ƙamusun yau suna bayyana Turancin yau ne. Ƙamusun da Noah Webster ya buga a 1828 yana nan kyauta a intanet. A ƙarƙashin "wait on" ko "wait upon" ya jera ma'anoni daban-daban, kuma biyu na farko su ne suka buɗe mini ido: yi wa mutum hidima kamar yadda bara ke yi wa ubangidansa, da kuma zuwa wurin mutum don wata harka ko don girmamawa. Asalin kalmar ma daga tsohon Faransancin arewa ta shigo Turanci, da ma'anar tsaro da sa ido, 'yar uwar "watch" ce. Bara yana tsaye yana lura da fuskar maigida don ya ga abin da yake so. Daga nan hidima ta fito, daga hidima kuma aka sami zuwa gaban babba. Ƙaramar kalmar da ke biye ita ce ke juya akalar ma'ana: in "for" ce, zaman jira ne, in "on" ko "upon" ce, galibi tashi aka yi aka je.

Ƙamus ya ba ni ma'ana, amma ni so nake in ga yadda 'yan jarida suka yi aiki da ita, a kan wa, kuma a wane hali. Sai na shiga Chronicling America, rumbun tsofaffin jaridu da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe a 2007 tare da hukumar ƙasar mai tallafa wa nazarin al'adu da tarihi. Shafukan da ke ciki sun haura miliyan 20, daga ƙarni na 18 har zuwa 1963, ba a biyan ko sisi, ba a neman rajista. Akwai manyan jaridu irin su New-York Tribune ta Horace Greeley da Evening Star ta Washington, akwai kuma ƙananan jaridun mako-mako na garuruwan da ko a taswira sai an lalubo su.

Ga wanda zai gwada, ga yadda abin yake. In ka rubuta kalmomin haka kawai, zai kwaso maka duk shafin da suka fito ko da nesa da juna suke, ka rasa ta inda za ka fara. Dole ka nemi jimlar a haɗe, sannan ka ƙuntata shekaru, ka zaɓi jiha. Na riƙa ɗaukar shekara goma-goma, in duba jihohin gabas, in koma kudu, in tsallaka yamma. Abu na biyu, binciken ba a kan hoton jaridar yake gudana ba, a kan rubutun da manhaja ta karanto daga hoton ne, kuma hotunan yawanci daga tsohon fim ɗin adana takardu aka ɗauko su. Inda tawada ta dushe ko takarda ta naɗe, manhajar kan ɗauki "e" a matsayin "c", ko "n" a matsayin "u". A jaridun kafin 1800 kuma akwai doguwar "s" wadda take karantawa "f". Saboda haka duk abin da ya fito a bincike wani yanki ne na abin da ke cikin rumbun, kuma ba na yarda da rubutun manhaja sai na buɗe hoton shafin na gani da idona. Shafukan manya ne, rubutu ƙanana a jere-jere shida ko bakwai a tsaye, labarai da tallar magani duk a cakuɗe, sau da yawa ba kanun labari. Suna cin data sosai, kuma a waya wahala ce. Kwamfuta mai faɗin fuska ta fi.

Da na ga misalai sun fara yawa, sai na ja layuka a littafin rubutu na raba shafi gida huɗu: wa ya je, wurin wa, me ya kai, me ya biyo baya. Gida na huɗun nan daga baya shi ya zama mafi muhimmanci.

Kashin farko da ya taru shi ne na al'adar mulki. A zamanin George Washington da John Adams, shugaban ƙasa kan zo da kansa ya yi wa majalisa jawabin shekara, sannan kowace majalisa ta shirya amsa ta ɗunguma zuwa gidansa ta karanta masa, kamar dai yadda hakimai ke zuwa fada gaisuwar Sallah. Thomas Jefferson ya ga abin ya yi kama da sarautar Ingila, sai a 1801 ya aika da jawabinsa a rubuce, aka daina tattakin. Amma wani ɓangare na al'adar bai mutu ba. Har yau, duk lokacin da sabuwar majalisa ta zauna, Majalisar Dattawa kan zartar da ƙuduri na naɗa sanatoci biyu su haɗu da wakilan ɗaya majalisar "to wait upon the President", su shaida masa cewa adadin da ake bukata ya cika kuma a shirye suke su karɓi saƙonsa. A jaridun ƙarni na 19 kusan kowace Disamba sai ka tarar da wannan layi a rahoton majalisa.

Jam'iyyu ma haka suka riƙa yi da 'yan takararsu. A da abin kunya ne ɗan takara ya halarci babban taron da za a tsayar da shi. Yana gida, sai an aiko. An tsayar da Abraham Lincoln a Chicago ranar 18 ga Mayu, 1860, washegari kwamiti ƙarƙashin George Ashmun, shugaban taron, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Springfield ya sanar da shi a falon gidansa abin da tuni wayar tangaraho ta riga ta kai masa. Wannan al'ada ta ci gaba har 1932, lokacin da Franklin Roosevelt ya hau jirgin sama daga Albany zuwa Chicago ya karɓi takara a gaban taron da bakinsa. Irin waɗannan ba su ba ni wahala ba. "Sun kai masa ziyarar ban girma" ko "sun je sun sanar da shi a hukumance" ya wadatar, kuma masu sauraron labaran rediyo a Hausa sun saba da lafazin.

Akwai kashin da na wuce da sauri, domin ma'anarsa a fili take: yaron kanti da ke sallamar masu sayayya, matar da ke jinyar mara lafiya, abokan ango da ƙawayen amarya da suka tsaya musu ranar ɗaurin aure, saurayin da ke zuwa zance wurin budurwa. Duk da wannan fi'ili ake faɗarsu. Ga kuma ɗan'uwansa "await", wanda ya yi kaka-gida a labaran kotu: an tsare wane a kurkuku yana jiran hukuncin masu tantance ko akwai hujjar gurfanar da shi. Wannan jira ne na gaske. A wasu jaridun kudu da na tsakiyar ƙasar kuma na ci karo da "wait on" da ma'anar jira tsantsa, wanda karin harshe ne na yankin. Hans Kurath ya lissafa shi cikin alamomin maganar tsakiyar gabashin Amurka a binciken da ya buga a 1949. Wannan ya sa ba a yanke hukunci da ganin "on" kawai, sai an karanta abin da ke kewaye.

Kashi na uku shi ne na masu ƙaramin ƙarfi da ke zuwa gaban masu iko da kokensu. Nan na fara jin nauyin kalmar, domin tana nuna waye sama waye ƙasa ba tare da an faɗa ba. A Fabrairun 1866 Frederick Douglass da George T. Downing suka jagoranci tawagar baƙaƙen fata zuwa wurin Shugaba Andrew Johnson suna neman 'yancin ƙuri'a. Ya yi musu dogon jawabi ya sallame su hannu rabbana. A Mayun 1894 ma'aikatan kamfanin Pullman, mai ƙera taragun barci na jirgin ƙasa a gefen Chicago, suka tura kwamiti wurin shugabanninsu kan rage albashi da aka yi alhali kuɗin hayar gidajen kamfanin bai ragu ba. An saurare su, washegari aka sallami uku daga cikin 'yan kwamitin, ranar 11 ga watan aka shiga yajin aikin da ya tsayar da jiragen ƙasa a yammacin Amurka. A irin waɗannan "ziyarar ban girma" ba ta dace ba. "Sun kai kukansu" ita ce gaskiyar magana.

Sai kashi na huɗu, wanda shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da na koma shekarun 1830 zuwa 1890, na ƙara kalmomi irin su "leave town" a cikin binciken, sai wata fuska ta bayyana. Tsarin labarin kusan ɗaya ne ko'ina: an yi taron jama'a, an naɗa kwamitin "manyan gari", kwamitin ya je wurin wane, an ba shi sa'o'i kaza ya bar garin. Fi'ilin da ake amfani da shi idan an je gaban shugaban ƙasa, shi ne dai ake amfani da shi idan an je korar mutum daga gidansa.

A Cincinnati, a Yulin 1836, an yi taro a kasuwa aka naɗa kwamitin attajirai da manyan mutane, da tsohon sanata Jacob Burnet a gaba, su je wurin James G. Birney da abokansa su nemi a daina buga Philanthropist, jaridar masu yaƙi da bautar da mutane. Suka ƙi. Daren 30 ga watan gungun mutane suka fasa maɗaba'ar Achilles Pugh, suka ja injin suka jefa a kogin Ohio, suka wuce unguwar baƙaƙen fata suka yi ɓarna. Shekara guda bayan haka, a Alton ta jihar Illinois, wani taron ya naɗa kwamitin da zai je wurin Elijah Lovejoy kan abin da yake rubutawa a jaridarsa na yaƙi da bauta. An lalata masa injin bugu sau da dama, kuma ranar 7 ga Nuwamba, 1837 aka harbe shi har lahira yana kare wani sabo da aka kawo masa.

Tafiya ta yi tafiya, salon bai canza ba. A Eureka ta jihar California, a Fabrairun 1885, harsashi ya kuskure ya kashe wani kansila a lokacin da wasu 'yan China biyu ke harbin juna. A daren aka naɗa kwamitin mutum 15, aka ba dukan 'yan China na garin sa'o'i 24, aka kafa gungumen rataya a kusa da unguwarsu, aka loda ɗaruruwan mutane a jiragen ruwa biyu zuwa San Francisco. A Nuwambar shekarar aka yi irin haka a Tacoma. A Memphis, a Mayun 1892, bayan Ida B. Wells ta rubuta sharhi kan kisan gilla da ake yi wa baƙaƙen fata ba tare da shari'a ba, manyan gari suka yi taro a zauren 'yan kasuwar auduga, aka lalata ofishin jaridarta Free Speech, aka aika mata cewa in ta dawo ranta ne. Ba kowane rahoto kan waɗannan ne ya ɗauki wannan fi'ili ba, amma su ne manyan misalan tsarin da na yi ta gani a ƙananan labarai masu layi biyar ko shida, game da malamin makaranta, ko mai wa'azi, ko ɗan ƙungiyar ƙwadago, mutanen da ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda jimlar ke wanke masu laifi. Ba ta ambaci bindiga ba, ba ta ambaci igiya ko kwalta da gashin kaza da ake shafe mutane da su ba, ba ta ce da tsakar dare aka je ba. Mai karatu na lokacin ya san abin da ake nufi, amma takardar ta fito fes, kamar an yi zaman mutunci. Sau da yawa editan da ya rubuta labarin maƙwabcin 'yan kwamitin ne, su ke ba shi talla, wani lokaci ma da shi aka yi taron. Wasu editocin kan yi amfani da lafazin da zolaya, suna nishaɗi da tsoron wanda aka kora. Jaridun baƙaƙen fata da na masu yaƙi da bauta, idan suka ba da labari iri ɗaya, sukan kira abin da sunansa: gungun 'yan ta'adda, barazana, kora. Da na fahimci haka, sai na mayar da shi ƙa'ida cewa duk labarin da ya faɗo kashi na huɗu sai na nemi yadda wata jarida ta ɗaya ɓangaren ta ba da shi kafin in taɓa fassara.

Na kai maganar wurin wani dattijo da ya shafe shekaru yana fassara labarai a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Na ce, "Baba, in na rubuta 'sun kai masa ziyara', na bi marubucin amma na ɓoye wa mai karatu gaskiya. In na rubuta 'sun yi masa barazana', na faɗi gaskiya amma na sa wa marubucin maganar da bai yi ba. Yaya zan yi?" Ya karɓi takardun ya duba, ya ce, "Ɗana, ai mu ma muna da irinta. Ba ka taɓa jin an ce 'an aika masa manya' ba? Ko 'an ba shi shawara ya bar gari'? Bahaushe in ya ji, ya san shawarar da ba a ƙin ta ce. Sa lafazin mai laushi yadda suka sa, sannan ka bar sa'o'in da aka ba shi su tsaya a jimlar, kada ka raba su." Shawarar ta yi mini amfani ƙwarai. A ƙarƙashin kowane irin wannan labari kuma na ƙara layi biyu na bayani kan abin da ya sami mutumin, inda tarihi ya adana.

Daga nan na so in san lokacin da lafazin ya fara ja da baya. Na duba Google Ngram, wanda ke zana yawan fitowar jimla a littattafai shekara bayan shekara, kuma layin "waited upon" yana gangarowa ne tun daga ƙarni na 19, ya yi ƙasa sosai a cikin na 20. A jaridun ma haka na gani: "called on" da "met with" suna maye gurbinsa. Dalilan da nake gani su ne rubutun jarida ya koma gajere kuma kai tsaye, musamman labaran da kamfanonin dillancin labarai ke aikawa ta waya. Wayar tarho ta rage bukatar tura tawaga don isar da saƙo. Kuma kunnen Ba'amurke ya daina jin daɗin kalmar da ke ɗauke da ƙamshin bara da ubangida. Ta tsira a gidan abinci da kanti, da kuma ƙudurin nan na majalisa.

A cikin shekarun da lafazin ke dushewa na ci karo da labarin da ya fi kowanne tsaya mini a rai. Mata masu neman 'yancin ƙuri'a sun yi shekaru suna tura tawaga bayan tawaga wurin Shugaba Woodrow Wilson, wanda shi kansa ya shahara da manufar "watchful waiting", wato zuba ido a jira, da ya ambata kan rikicin Meziko a Disambar 1913. Ranar 9 ga Janairu, 1917 ɗaruruwansu suka shiga fadar White House da ƙudurorin tunawa da abokiyar gwagwarmayarsu Inez Milholland, wadda ta yanke jiki ta faɗi tana jawabi a Los Angeles ta rasu a Nuwambar 1916. Ya ce musu shi jagoran jam'iyya ne, ba zai wuce abin da jam'iyyarsa ta amince da shi ba. Washegari, ƙarƙashin jagorancin Alice Paul, suka tsaya a bakin ƙofar fadar shiru, riƙe da ƙyallaye. Ɗaya daga ciki na tambayar shugaban ƙasa har yaushe mata za su jira 'yanci, kuma "wait for" aka rubuta a jiki. Sun daina shiga a karɓe su a sallame su. An kama da yawa daga cikinsu a watannin da suka biyo baya, an ɗaure wasu a gidan horo na Occoquan a Virginia, an ɗura wa masu yajin cin abinci abinci da ƙarfi. Gyaran tsarin mulki na 19, wanda ya ba mata ƙuri'a, ya tabbata a Agustan 1920.

Da na koma kan fassarar, fi'ili ɗaya na Turanci ya rabu gida-gida a Hausa: ziyarar ban girma ga majalisa da kwamitin Lincoln, kai kuka ga ma'aikatan Pullman da tawagar Douglass, hidima da jinya da zance ga labaran cikin gari, jira ga fursunoni da matan bakin ƙofa. Na kashi na huɗu su suka fi cin lokaci, don kowanne sai na nemo rahoto na biyu. Akwai guda uku da na cire daga tarin gaba ɗaya na maye su da wasu, saboda jarida ɗaya tak ce ta ba da labarin, kuma ita ce ta 'yan kwamitin.